Ofishin binciken fili kafin saye: abin da ya iya da abin da ya bar wa mai kuɗi

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Wudil, ya miƙe ta Gaya har Dutse a 'yan shekarun nan, ya ga yadda gonakin bakin titi suke komawa fulotai: an share karan dawa, an kakkafa turaku, an ja igiya, an dasa allo ana cewa a zo a saya kafin ya ƙare. Ma'aikacin da ya karɓi garatuti, da ɗan kasuwar hatsin da kaka ta yi masa kyau, da matar da ta sayar da shanun gadonta, kowa an gaya masa cewa ƙasa ba ta ruɓewa, kuma kowa ya yarda. Maganar gaskiya ce, sai dai ƙasar da ba ta ruɓewa tana iya zama ta wani, tana iya zama hanyar ruwa, tana kuma iya zama wurin da gwamnati ta riga ta yi wa alama. Wannan ne ya sa wasu 'yan ofisoshi suka fara buɗewa a garuruwan da ke kan wannan hanya, waɗanda ba sa sayar da fili, aikinsu kawai su bincika wa mutum wurin da yake son saya kafin ya biya. Ni da ƙanena mun haɗa kuɗi domin mu sayi abin da zai riƙe mana darajar dukiyarmu, muka ba ɗaya daga cikin irin waɗannan ofisoshi aiki, kuma abin da ke biye hukuncina ne a kan aikin da suka yi. Ban ambaci sunan ofishin ba, domin akwai yabo akwai suka a cikin abin da zan faɗa, kuma ba talla aka ba ni ba.

Shago ɗaya ne, mutum uku ne a cikinsa. Akwai mai safiyo, wanda na nemi ya nuna mini shaidar rajistarsa da hukumar masu safiyo ta ƙasa, SURCON, ya nuna ba tare da ya ɓata rai ba. Akwai lauya da ke zuwa daga Kano a wasu ranaku na mako. Na ukunsu dattijo ne da ya yi shekaru yana dillancin gonaki kafin ya bari, wanda ya san gidajen yankin da dangantakarsu, ya san wa ya auri wa, wa ya gaji wa, kuma kowa a ofishin Baba yake ce masa. Tsarin kuɗinsu shi ne abin da ya fara jan hankalina, kuma har yanzu shi nake gani ginshiƙin amfaninsu: ana yanke kuɗin aiki tun farko, a biya rabi kafin su fita, a biya sauran idan sun kawo rahoto, ko mutum ya sayi wurin ko ya fasa. Dillali ba ya samun la'adarsa sai ciniki ya faɗa, saboda haka duk aibin da zai hana ciniki faɗawa, asara ce a gare shi ya ambata. Ba wai dillalai duka maƙaryata ba ne, akwai masu amana a cikinsu da na sani tun ina yaro, amma ba adalci ba ne a ɗora wa mutum nauyin tona abin da zai hana shi cin abinci, sannan a yi mamaki idan ya yi shiru. Wanda ladansa bai rataya ga ciniki ba shi ne zai iya cewa kada a saya. Abin da muka biya ofishin a kan wurare uku gaba ɗaya bai kai la'adar kashi 5 cikin 100 da dillali ya nema a kan wuri ɗaya ba.

Wuri na farko gona ce a bayan wani ƙauye, ba ta da nisa da kwalta, aka ce mana eka uku ce. Mai sayarwa ya zo da takardar mai unguwa da shaidu biyu, dillali kuma ya yi rantsuwa cewa gonar mutum ɗaya ce, babu rigima a kanta. A nan ne Baba ya nuna cewa shi ne ƙarfin ofishin. Bai tafi tare da mai sayarwa ba, bai kuma tafi ranar kasuwa ba. Ya bi maƙwabtan gonar na gabas da yamma da kudu da arewa ɗaya bayan ɗaya, ya zauna da limamin da ya yi wa mahaifin mai gonar salla, sannan ya ce in zo mu je gaban dagaci tare. Bayan gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin dagaci, ba mu zo tambayar wanda yake noma gonar nan ba, wannan kowa ya san shi. Mun zo tambaya ne ko an raba ta." Dagaci ya ɗan yi jim, ya ce, "Gaskiya, Malam, ba a raba ba. Babban wansu ne yake nomawa tun rasuwar mahaifinsu, sauran kuma ba su taɓa kawo ƙara ba." Sauran da ake magana su ne 'yan'uwa mata da aka aurar, ɗaya har cikin Jigawa, da ƙane ɗaya da ya tafi ci-rani kudu ya daɗe bai dawo ba. Ban da haka, wani yanki na gonar yana hannun wani maƙwabci a matsayin jingina, kuɗin da aka karɓa ba a mayar ba.

Lauyan ya warware mana abin da wannan yake nufi, kuma bayaninsa ya yi daidai da abin da malamanmu suke karantarwa a zaure. Daɗewa ana noma gona ba ya mayar da ita ta mai noman idan tsakanin 'yan'uwa ne. A fiƙihun Malikiyya, baƙon da ya riƙe wuri shekara goma yana amfani da shi a gaban mai shi, mai shi yana gani bai ce uffan ba, yana iya kare kansa da hauzi, amma ɗan'uwa ba ya cin gadon 'yan'uwansa da wannan adadi, domin an san kunya da kara suna hana dangi magana. Iyakar abin da babban wan zai iya sayarwa shi ne rabonsa, kuma ko rabon nasa ya sayar kafin a raba, sauran magada suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi wurin. Wanda yake gari haƙƙinsa yana faɗuwa idan ya yi shiru har shekara ta wuce, amma wanda ba ya nan yana nan a kan haƙƙinsa har ya dawo. Ma'ana, da mun biya, ƙanen nan da ke kudu yana iya dawowa bayan mun kewaye gona mun haƙa rijiya, ya miƙo mana kuɗin da muka biya a lokacin da naira take da sauran ƙarfi, haɗe da ƙimar aikin da muka yi a wurin, ya ce mu tashi. Shawarar ofishin biyu ce: ko mu janye, ko mu ce ba za mu biya ba sai magada sun je kotun shari'ar Musulunci an raba musu gado, an ba kowa takardarsa, an kuma fanshi jinginar. Mun zaɓi ta biyu, muka jira, kuma daga ƙarshe rabon waɗanda suka yarda su sayar kaɗai muka saya.

Awon mai safiyo ma ya fito da nasa. Eka ɗaya murabba'in mita 4,047 ce, hekta kuma 10,000, amma a ƙauye yawanci da ido ake kintata eka, ko da yawan damin da gona take bayarwa. Da aka ɗora na'ura, gonar da aka ce eka uku ce ta tsaya a wajen biyu da rabi. Ba lallai ne a ce mai ita ya yi niyyar cuta ba; iyakar da aka yi da gamba tana matsawa a hankali duk shekarar da garma ta ci gefenta, kuma babu wanda ya taɓa auna wurin tun kakanni. Ya kafa turakun siminti a kusurwoyi a gaban maƙwabta huɗun, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, ya kuma rubuta lambobin wurin da na'ura ta nuna a jikin taswira. Wani abu da ban yi tsammani ba, ya tambayi na wa ne itatuwan ɗorawa biyu da ke cikin gonar. Ashe na gwaggon magadan ne, mahaifinsu ya ba ta tun yana raye, ita take tsinkar kalwarta duk shekara. Al'ada ce tsohuwa a ƙasar Hausa itace ya zama na wani, gona ta wani, kuma mai saye daga birni ba ya tunawa da ita sai ranar da ya ga mata sun shigo masa gona da ƙwarya. An rubuta maganar itatuwan a cikin takardar ciniki.

Wuri na biyu fulotai ne na awon igiya a bakin babban titi, ƙafa 50 da 100 kowanne, wani kamfani yana sayarwa a biya kaɗan-kaɗan wata-wata. Irin wannan ciniki yana da daɗin shiga, domin ba ya neman dunƙulen kuɗi, kuma ƙanena ya fi karkata gare shi. Abin da mai saye yake riƙewa a hannu rasit ne da wata takarda mai tambarin kamfanin, wadda kamfanin da kansa ya buga. Ofishin ya nemi a nuna masa amincewar hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, a kan yanka wurin, ba a nuna ba. Mai safiyo ya auna daga tsakiyar kwalta, ya ce layin farko na fulotan, wanda shi ne mafi tsada saboda ana cewa za a yi shaguna, wani ɓangarensa yana cikin mita 45.72 da doka ta keɓe wa titin tarayya a kowane gefe. Layin ƙarshe kuma ya hau burtali, hanyar da shanu suke bi zuwa mashaya tun kafin a haifi masu kamfanin, kuma duk wanda ya zauna a karkara ya san abin da toshe burtali yake haifarwa. Layukan tsakiya ba su da wannan aibi, amma hanyoyin da aka bari a tsakaninsu ba za su ɗauki motar yashi ba, babu kuma wurin da aka ware wa makaranta ko magudanar ruwa. Mun fasa. Lauyan ya tuna mana da rushe-rushen da aka yi a birnin Kano a watan Yunin 2023, inda sabuwar gwamnati ta rushe gine-gine a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula da wasu wurare bisa hujjar cewa filayen jama'a ne, alhali masu ginin suna cewa suna da takardun da gwamnatin baya ta ba su. Ko wane ɓangare mutum ya goyi baya a wannan rigima, darasin da mai zuba kuɗi zai ɗauka shi ne ya tambayi asalin wuri, ba takardar da ke kansa kaɗai ba.

Na uku fili ne mai arha kusa da kogi, wanda a watan Maris yake shimfiɗe a bushe kamar faranti. Mai safiyo ya nuna mini layin da ruwa ya bari a jikin katangar wani gida da ke kusa, ya tambayi masu noman rani inda ruwa yake kaiwa a watan Agusta, maganar ta ƙare a nan. Wanda ya ga ambaliyar 2022 a Ringim da Auyo da Haɗeja ba ya buƙatar dogon bayani a kan kogin da madatsun Tiga da Challawa suke sama da shi. Wurin ya dace da shinkafa, bai dace da gini ba, kuma farashin gini ake nema a kansa.

Abin da na fi ƙaruwa da shi daga lauyan shi ne bayanin matsayin takardu, domin a nan ne mutanenmu suka fi ruɗewa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda aka kafa zamanin mulkin soja na Obasanjo, aka kuma saka ta cikin kundin tsarin mulki, ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum yake mallaka haƙƙin zama da amfani ne. A wurin da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne yake ba da wannan haƙƙi, kuma satifiket ɗin da ake bayarwa na gidan zama yawanci na shekara 99 ne. A karkara ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar gwamna. Sayar da wuri mai satifiket ko jinginar da shi yana buƙatar amincewar gwamna, na gargajiya kuma amincewar ƙaramar hukuma, kuma tun 1989 Kotun Ƙoli ta nuna a shari'ar bankin Savannah da Ajilo cewa cinikin da aka yi ba tare da wannan amincewa ba yana iya rushewa. Takardar mai unguwa da ta dagaci shaida ce mai ƙarfi cewa an yi ciniki a gaban jama'a, kuma babu mai hankalin da zai sayi gona a ƙauye ya tsallake su, amma doka ba ta ba su ikon ba da haƙƙin ƙasa ba, banki kuma ba ya karɓar takardarsu. Sai babbar magana: idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka ko itatuwa, ba ta farashin da mutum ya sayi fili a kasuwa ba. Wanda ya sayi fili fayau da tsada ya bar shi babu komai a kai, shi ne ya fi kowa asara ranar da aka zo da katafila.

Sun kuma ba mu shawarwari biyu da suka fi kuɗin da muka biya su. Na farko, kada a miƙa tsabar kuɗi a buhu ga mutum ɗaya ya raba. A tura wa kowane magaji rabonsa ta banki, a rubuta dalilin turawar, a haɗa shaidar da takardar ciniki. Na biyu, idan za a ba wani aron gonar ya noma kafin mu shirya, wanda ya fi a bar ta saura, a rubuta aron a gaban mai unguwa kuma a sabunta shi duk shekara, domin kada shekara goma ta wuce a wayi gari mai aro yana da'awar hauzi a kanmu.

Iyakar ƙwarewarsu ke nan, kuma daga nan suka take farawa. Ofishin ya iya tabbatar da mai wuri da iyakar wuri da matsayinsa a doka, amma bai iya faɗin ko wurin ya cancanci kuɗin da ake nema ba, alhali allon ƙofarsu yana cewa suna ba da shawarar zuba jari. Farashin da suka rubuta mana a rahoto a matsayin na kwatanci, da na bi diddigi, farashin da dillalai suke kira ne, ba wanda aka sallama aka biya ba, kuma tsakanin kira da sallamawa a cinikin gona akwai tafiya. Babu mai ƙiyasta darajar kadara mai rajista a cikinsu, ba su kuma ce mu nemi ɗaya ba. Baba, duk da basirarsa, ya maimaita mana maganar da ke bakin kowa, wai jirgin ƙasa yana zuwa, saboda haka komai zai ninka. Gaskiya ne an ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, kuma akwai reshe daga Kano zuwa Dutse a cikin tsarin. Amma jirgi ba ya tsayawa a kowace gona; abin da ke ɗaga daraja kusanci da tasha ne, wanda dogo ya wuce ta bayan gidansa ƙara kawai zai samu, wanda kuma dogo ya bi ta cikin gonarsa zai koma ga dokar diyyar da lauyansu ya gama karanta mana. Mutum biyu a shago ɗaya, ɗaya yana da rabin magana, ɗaya yana da ɗaya rabin, babu wanda ya haɗa su.

Lissafin riba kuwa ko kusa ba su taɓa shi ba, sai da na zauna da ƙanena muka yi da kanmu. Mutane suna cewa wane ya sayi fili miliyan biyu ya sayar miliyan uku, ya ci ribar miliyan guda. A ɗauka a farkon 2023 ya saya, a ƙarshen 2024 ya sayar. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 cikin 100 a Disambar 2023, ta kai 34.80 a Disambar 2024. Idan aka haɗa shekarun biyu, abin da miliyan biyu take saya a farko yana buƙatar kusan miliyan uku da rabi a ƙarshe. Wannan mutum bai ci riba ba, ya rage asara ne kawai, tun ma ba a cire la'ada da kuɗin katanga da na takardu ba. A tsakanin wannan lokaci an cire tallafin mai a watan Mayun 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500, buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024. Ba ina cewa kada a sayi ƙasa ba, domin wanda ya ajiye kuɗinsa a asusu ya fi wannan mutum asara nesa ba kusa ba. Ina cewa ofishin da ke kiran kansa mai ba da shawara ya kamata ya zaunar da mutum ya yi masa wannan lissafi, ya kuma gaya masa cewa fili ba ya sayuwa ranar da ake buƙatar kuɗin asibiti sai an karya shi.

Haka maganar gidan haya. Wudil tana da jami'a tun 2001, Dutse tana da ta tarayya tun 2011, kuma kowa yana cewa ɗakunan ɗalibai su ne riba. A misali kawai, mutum ya kashe miliyan 12 a fili da gini ya fitar da ɗaki takwas, yana karɓar naira 120,000 a kowane ɗaki a shekara: 960,000 ke nan, kashi 8 cikin 100, kafin a cire gyaran rufi da yashe masai da famfo da ɗakin da ya kwana babu kowa. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 wata takwas ya ɗauka, kuma mai gidan ɗalibai ba ya cikin waɗanda ake biya bashin albashi idan an dawo. Sukuk (takardar zuba jari ta tsarin Musulunci) na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017, na naira biliyan 100, ya riƙa biyan kashi 16.47 cikin 100 a shekara ba tare da mai shi ya taɓa hawa rufi ba. Bambancin shi ne gida yana iya ƙara daraja, takardar sukuk kuma kuɗinta na asali take mayarwa, amma dole a ɗora su biyun a kan sikeli kafin a yanke hukunci. Da na kawo wannan magana, lauyan ya ce, "Ranka ya daɗe, mu dai namu mu tabbatar ba a cuce ka ba." Amsar gaskiya ce, sai dai ya kamata a gyara allon ƙofa ya yi daidai da ita.

Akwai ƙananan abubuwa da suka rage wa aikin armashi. Rahoton ya makara fiye da lokacin da suka ɗiba, kuma ba su kira sun faɗa ba sai da na bi su. Da ya zo, da Turancin lauyoyi aka rubuta shi, a yankin da mafi yawan masu sayen gona da masu sayarwa Hausa suke karantawa, da boko ko da ajami. Sai da na fassara wa ƙanena shafi-shafi. Kuɗin aiki an ba mu rasit, amma kuɗin mai da na bincike a ofisoshi da baki ake faɗa, da hannu ake karɓa. Duk abin da ya shafi takardun ɓangaren Jigawa sai sun aika wani a Dutse, shi ma da nasa jinkirin. Babu mace a cikin ma'aikatansu, kuma wannan ba ƙaramin gibi ba ne a aikin da rabinsa jin ta bakin magada mata ne: Baba ba zai shiga gidan matar aure ba, abin da miji ko wa ya fito ya faɗa a zaure kuma ba lallai ne ya zama abin da ke ranta ba. Sai da yayarmu ta shiga ta zauna da su kafin muka tabbatar cewa ɗaya daga cikinsu ba ta son sayar da nata rabon, tana so a bar wa 'ya'yanta, kuma aka bar mata.

Abin da ya fi damuna ya zo ne a ƙarshe. Da muka fasa fulotan bakin titi, Baba ya ja ni gefe ya ce akwai wata gona ta wani amininsa, mai kyau, babu rigima, idan ina so ya haɗa mu. Wataƙila gonar tana da kyau ɗin, kuma ban ga alamar mugun nufi a tare da shi ba, tsohuwar sana'a ce ta motsa. Amma ranar da ofishin nan ya fara kawo wa mutane wuraren saye, ranar ya zama dillali mai lauya, kuma dalilin da ya sa na biya shi ya tafi. Na gaya wa lauyan haka a gaban Baba, cikin ladabi, ya ce ba tsarinsu ba ne kuma za su tattauna a tsakaninsu.

Wanda zai sayi gona ko fili a karkarar Kano ko Jigawa alhali ba ɗan garin ba ne, ko wanda yake aiko da kuɗi daga Abuja ko Legas ko Saudiyya ana yi masa cinikin biri a sama, irin wannan ofishi ya cancanci kuɗinsa, musamman idan wurin na gado ne ko yana bakin titi. Wanda zai sayi gayaunar maƙwabcinsa da ya san tarihinta tun kakanni, mai safiyo kaɗai ya ishe shi. Mai neman a gaya masa inda zai sa kuɗinsa ya fi riba kuwa, ya nemi mai ƙiyasta kadara daban, ya kuma tambayi mutanen da suka saya suka biya a wannan yanki cikin shekarar nan nawa aka sallama musu. Idan zan sake ba su aiki, kuma zan iya, sai an rubuta abu huɗu a takardar yarjejeniya kafin in biya rabin farko: ranar kawo rahoto, kwafin rahoton da Hausa, rasit na kowane kuɗin da aka karɓa, da alkawarin cewa babu wani a ofishin da yake da la'ada ko dangantaka da mai sayarwa. Takardar neman haƙƙin gargajiya ta gonar da muka saya tana sakatariyar ƙaramar hukuma, lauyan ne yake bin ta, kuma kuɗin wannan aiki daban ne da na binciken.